Abin da Ya Kamata Ka Sani: Me Ke Korar Baƙi Daga Shafinka na Intanet, Kuma Yaya Za Ka Riƙe Su?

Ko kana da makaranta a Dogon Daji, ko kana dillancin albasa da shinkafa a Tambuwal, ko kana cikin ƙungiyar manoma a Kebbe, wataƙila an taɓa ba ka shawarar ka buɗe shafin intanet. Wataƙila ma ka riga ka biya an gina maka, ka tura adireshinsa a WhatsApp da Facebook, mutane sun latsa. Amma shiru kake ji: ba kira, ba ciniki, ba mai dawowa. Yawanci ba kayanka ne ba a so ba. Mutanen sun zo, wani abu ne ya kore su tun ba su ga kayan ba. Wannan bayani zai nuna maka abin da ke korar su da yadda ake gyara shi, kuma ba sai ka iya kwamfuta ba kafin ka fahimta.

Mene ne shafin intanet, kuma wane ne baƙo?

Shafin intanet tarin rubutu ne da hotuna da aka ajiye a wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana. Wannan kwamfuta ita ake kira saba. Shafin yana da adireshi, wato sunan da ake rubutawa ko latsawa don a same shi. Manhajar da ke buɗe shi a wayarka, kamar Chrome ko Opera Mini, ita ce burauza. Duk wanda ya buɗe shafin, ko da sau ɗaya, shi ne baƙo.

Ka ɗauki shafin kamar rumfarka a kasuwar Tambuwal. Mai saye ya tsaya ya yi sallama. In ya ji shiru, ko ya ga kaya a hargitse, ko ya tambayi farashi aka shiga ba shi tarihin gidanku, zai matsa rumfa ta gaba. A intanet ma ya fi saurin matsawa, domin babu idon da zai ji nauyi, kuma rumfa ta gaba latsawa ɗaya ce.

Me ke faruwa tsakanin latsawa da buɗewa?

Idan mutum a Kuchi ko Girkau ya latsa adireshinka, wayarsa tana aika saƙo zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan saƙon zai bi layukan kamfanin waya har ya kai inda sabar take. Shafuka da yawa na 'yan Najeriya a Turai ko Amurka aka ajiye su, don haka sai saƙon ya gangara Legas, ya shiga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Amsa kuma ta biyo hanya ta dawo.

Ba sau ɗaya ake wannan kai da kawo ba. Kowane hoto, kowace talla, kowane salon rubutu, sai wayar ta nemo shi daban. Shafi ɗaya yana iya aiken waya sau hamsin ko ɗari kafin ya gama bayyana. Inda sabis ke da ƙarfi ba za ka lura ba. Inda yake sanda ɗaya ko biyu, a nan ne za ka ji ana cewa "yana ta juyawa" ko "ya ƙi buɗewa".

Daƙiƙa nawa mutum ke iya jira?

Kaɗan ƙwarai. A 2016 kamfanin Google ya fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi da waya suna fita idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. A 2017 wani binciken nasa ya nuna cewa idan jira ya tashi daga daƙiƙa 1 zuwa 3, yiwuwar mutum ya fita tana ƙaruwa da kashi 32 cikin 100. Idan ya kai daƙiƙa 5, ƙaruwar tana kai kashi 90 cikin 100. Ma'aunin da Google ke amfani da shi tun 2020 shi ne, babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2 da rabi.

Za ka iya cewa ai mutanenmu sun saba da haƙurin sabis. Gaskiya ne, amma ka duba inda suke haƙurin. Ɗalibi zai zauna a gaban shafin JAMB ko na duba sakamakon NECO komai jinkirinsa, domin ba shi da wata hanya. Shafinka ba shi da wannan gata. Wanda ke neman buhun shinkafa yana da dillalai da yawa a cikin wayarsa.

Me ke sa shafi nauyi?

Babban mai laifi shi ne hoto. Ana auna nauyin abin da ke intanet da kilobayit da megabayit. Kilobayit kusan 1,000 ne ke ba da megabayit 1, megabayit kusan 1,000 kuma su ba da gigabayit 1, wanda kake saye a matsayin data. Hoton da aka ɗauka da waya mai kyau yakan kai megabayit 3 zuwa 5.

Yi lissafi da kanka. A ce mai makaranta ya ɗora hotuna 10 na bikin yaye ɗalibai a shafin farko, kowanne megabayit 4, kai tsaye daga waya. Megabayit 40 ke nan. Uban da ya sayi megabayit 100 don ya duba ranar komawa makaranta ya rasa kusan rabin datarsa a buɗewa ɗaya. Da an rage kowane hoto zuwa kilobayit 150, duka goman ba za su wuce megabayit 1 da rabi ba, kuma a fuskar waya ido ba zai ga wani bambanci ba.

Bayan hoto sai bidiyon da ke kunna kansa, da hotunan da ke zagayawa a saman shafi, da tarkacen ƙari da ake liƙa wa shafukan da aka gina da manhajar WordPress, kamar agogo da ma'aunin yanayi da furanni masu motsi. Kowannensu yana cin data da batir. Kada ka manta a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Mutum yana lissafin datarsa, yana kuma lissafin cajin da ya biya a wajen mai caji. Shafin da aka sani da cin data, ba a komawa cikinsa. Ko kamfanin Facebook sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda masu ƙananan wayoyi da raunin sabis.

Shafin ya buɗe, to me ya sa har yanzu ake fita?

Dalili na farko: baƙo bai ga abin da ya kawo shi ba. Kowa da tambaya yake shigowa. Uba yana son sanin kuɗin makaranta, da ranar komawa, da lambar da zai kira. Mai saye daga kasuwar Mile 12 a Legas yana son sanin nawa buhu, buhu nawa za a iya haɗawa, da yadda mota za ta ɗauka. Amma me yakan tarar? Hoton shugaba, da dogon jawabin maraba, da tarihin kafa wurin. Abin da yake nema yana can ƙasa, ko a cikin wata takarda da sai an sauke ta.

Tun a 1997 masanin nan Jakob Nielsen ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na mutanen da ya gwada ba sa karanta shafi kalma bayan kalma, ido kawai suke bi da shi suna neman abin da ya dame su. Saboda haka fuskar farko, wato abin da ake gani kafin a ja shafin sama, dole ta amsa tambaya uku: su wane ne ku, me kuke da shi, yaya za a same ku. Tarihi da jawabi su koma nasu sashen, mai so zai je.

Dalili na biyu: an gina shafin a kan kwamfuta mai faɗin fuska, baƙo kuma da itel ko Tecno ko Infinix ya shigo. Rubutu ya yi ƙanana sai an buɗa da yatsu biyu. Maɓallai sun matse, ka nufi wannan ka taɓa wancan. An yi rubutu mai ruwan toka a kan fari, mutum yana tsaye a ranar Sakkwato, ba ya ganin komai. Maganin shi ne baƙin rubutu mai girma a kan fari, da gajerun sakin layi, da maɓallin da babban yatsa zai latsa ba kuskure. Google ma yanzu yadda shafi yake a waya yake dubawa wajen jera shi a sakamakon bincike.

Dalili na uku: harshe. Idan manoman Sanyinna da Jabo kake yi wa magana, ka rubuta da Hausa. Idan 'yan kasuwar Kudu kake nema, ka ƙara Turanci mai sauƙi a sashe na daban. Kada ka zuba Turanci a manhajar fassara ka kwashe ka liƙa ba tare da wanda ya iya Hausa ya gyara ba, domin mai karatu yana ganewa tun daga layin farko. Ka kuma duba ko haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa daidai. Wasu salon rubutu ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Ga waɗanda karatun boko ke yi wa wuya, ɗan gajeren saƙon murya da mutum zai kunna da kansa yana taimakawa, kuma bai kai bidiyo cin data ba.

Talla fa, ba da ita ake samun kuɗi ba?

Ana samu, amma sai da masu karatu. Tallar da ke faɗowa ta rufe rubutu, da wadda ke tura rubutu ƙasa daidai lokacin da mutum zai latsa, da akwatin da ke neman ka yi rajista tun ba ka karanta layi ɗaya ba, duk suna kora. Tun Janairun 2017 Google ya fara rage darajar shafukan waya masu irin wannan akwati da ke rufe fuska.

Akwai wani abin da ya shafe mu musamman. Tallar da kamfani ke sakawa da kansa tana iya kawo caca ko hotunan da ba su dace ba. Ka yi tunanin magidanci ya buɗe shafin labaran yankinsa a cikin mutane, sai ga irin wannan hoto. Zai rufe, kuma sunanka ne zai ɓaci, ba na kamfanin tallar ba. Tsarin AdSense na Google yana ba mai shafi damar toshe irin waɗannan rukunoni. Ka nemi a toshe maka su. Haka nan kanun da ke yaudara, wanda ke alkawarin abin da babu a cikin labarin, yana kawo mutum sau ɗaya ya hana shi dawowa.

Me ke sa baƙo ya ƙi yarda da shafi?

Damfara ta yi yawa, kuma mutane sun koyi taka-tsantsan. An sha turo musu shafukan tallafin ƙarya da ɗaukar aikin ƙarya. Saboda haka baƙo yana shigowa ne da zargi, kai ne za ka kawar masa da shi.

Abu na farko, adireshinka ya fara da https. Wannan harafi na ƙarshe yana nufin abin da ke tafiya tsakanin wayar baƙo da sabarka a kulle yake. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi alamar cewa ba amintacce ba ne. Na biyu, ka faɗi inda kake yadda ɗan gari zai gane: unguwa, da alamar da ke kusa, da ko kana bakin titin Sakkwato zuwa Jega ne ko cikin gari. Na uku, ka sa hoton ainihin shagonka da kayanka, ba hoton wasu Turawa a ofis da aka kwaso daga intanet ba. Na huɗu, idan ka yi rajista da Hukumar CAC, ka rubuta lambar. Na biyar, ka sa kwanan wata a kan farashi. Farashin bara da sanarwar da ta wuce suna nuna cewa babu kowa a wurin. Lambar da ba ta shiga kuwa ta fi komai muni.

Kada ka tambayi abin da ba ka buƙata. Mai tambayar farashin taki ba ruwansa da ba ka NIN ko BVN. Suna da lambar waya sun isa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma ta ɗora maka alhakin kiyaye duk bayanan da ka karɓa.

Su wa abin ya fi shafa?

Mai shafi yana asarar ciniki da kuɗin da ya kashe. Amma baƙo ma yana asara. Manomin Margai ko Ungushi da bai samu bayani a waya ba, sai ya biya kuɗin mashin zuwa gari don tambayar da layi biyu za su amsa. Uwar da ke son sanin ranar da ake awon ciki, da ɗalibin da ke neman sharuɗɗan tallafin karatu, su ne suka fi buƙatar bayanin, kuma sau da yawa su ne masu ƙaramar waya da raunin sabis. Wannan ya sa maganar ta wuce ta 'yan kasuwa. Ta shafi makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi da ofisoshin hukuma.

Duk wanda ya fita da wuri an yi asararsa ke nan?

A'a. Wanda ya shigo, ya ga lambarka, ya latsa ya kira, ya fita cikin daƙiƙa kaɗan, wannan nasara ce. Burinka ba shi ne ka tsare mutum ya daɗe ba, burinka ya samu abin da ya zo nema. Don haka kada ka raba ɗan gajeren bayani gida biyar don a yi ta latsawa. Ka fara tambayar kanka: me nake so baƙo ya yi? Ya kira? Ya turo saƙo? Ya zo shago? Ka sa maɓallin wannan abu ɗaya a inda ido zai fara sauka. Ana iya yin maɓallin da zai buɗe hira da kai a WhatsApp kai tsaye, ba sai mutum ya kwafi lamba ba.

Yaya zan gane halin da shafina yake ciki?

Akwai gwaji uku. Na farko ba ya buƙatar komai sai ƙaramar waya. Kada ka gwada a wayar wanda ya gina shafin, domin tasa ta riga ta ajiye hotunan, kuma yana zaune inda sabis ke da ƙarfi. Ka nemi wayar da ba ta taɓa buɗe shafin ba, ka fita bayan gari, ka latsa, ka ƙirga daƙiƙa. Ka duba ragowar data da *323# kafin ka buɗe da bayan ka buɗe. Sannan ka miƙa wa wani dattijo wayar ka ce, "Baba, a taimaka a nemo mini kuɗin makaranta a nan." Ka yi shiru ka kalli yatsansa. Duk inda ya tsaya yana laluben hanya, nan ne gyara yake.

Na biyu, ka shiga PageSpeed Insights, wato shafin da ke auna saurin buɗewar shafuka, ka rubuta adireshinka. Zai ba shafin maki daga 0 zuwa 100, ya jera abubuwan da ke jawo nauyi. Sakamakon waya za ka duba, ba na kwamfuta ba. Maki 90 zuwa sama yana da kyau, ƙasa da 50 kuwa akwai aiki a gabanka.

Na uku, a haɗa maka Google Analytics, wato manhajar da ke ƙirga baƙi. Tana ɗaukar baƙo a matsayin wanda ya amfana idan ya wuce daƙiƙa 10, ko ya buɗe sashe biyu, ko ya yi abin da ka nuna mata kana so, kamar latsa maɓallin kira. Sauran su ne masu leƙe su juya. Ka duba wane sashe ne aka fi juyawa daga cikinsa, ka fara da shi.

Nawa gyaran zai ci?

Mafi yawansa kyauta ne. PageSpeed Insights da Google Analytics kyauta ne. Rage nauyin hoto da Squoosh ko TinyPNG kyauta ne. Makullin https ana samunsa kyauta daga Let's Encrypt. Sake jera bayani da cire tarkace lokaci kawai suke ci.

Abin da ake biya uku ne: sunan shafi, da hayar saba, da ladan mai aiki. Biyun farko duk shekara ake sabunta su, kuma idan ka manta shafin zai rufe. Sunan da ya ƙare da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da naira ake biya kuma yakan fi .com araha. Wajen hayar saba kada ka bi mafi arha ido rufe, domin sabar da aka cunkusa wa shafuka da yawa tana jinkirin amsawa. Akwai kuma kamfanoni irin su Cloudflare da ke ajiye kwafin shafi kusa da masu buɗe shi, har da Legas, kuma suna da tsarin kyauta.

Idan harkarka ƙarama ce, ba laifi ba ne ka tsaya a WhatsApp Business da shafin Facebook tukuna. Ƙa'idar dai ɗaya ce a can ma: farashi a fili, hoto na gaskiya, amsa da wuri.

Me zan gaya wa wanda zai gina mini?

Ka gaya masa tun kafin ku yi ciniki cewa don waya kake so a gina, ba don kwamfuta ba. Shafin farko kada ya wuce megabayit 1 in da hali. Ba bidiyo mai kunna kansa, ba akwatin da ke rufe rubutu. Lambar waya da wurin da kake su kasance a sama. A yi rajistar sunan shafin da sunanka da imel ɗinka, a kuma miƙa maka kalmomin sirri, don kada ranar da kuka rabu ya tafi da shafin. Ya koya maka yadda za ka canza farashi da sanarwa da kanka. Sauran kuɗinsa kuma sai bayan kun gwada tare a inda sabis ba shi da ƙarfi.

A makon nan ka yi abu uku: ka rage hotunan shafin farko, ka ɗago lambar waya da farashi sama, ka kira lambar da kanka ka tabbatar tana shiga. Sannan ka kai shafin ƙauye ka gwada. Idan ya buɗe da sauri a ƙaramar waya a Kebbe, zai buɗe wa mai saye a Kano da Legas.